Ƙugiyar da Maɗaba'a Ta Manta

Duk unguwar an san gidan Malama da mijinta gidan musu ne. Ba musun cefane suke yi ba, ba kuma na dangi ba, wannan sun bar wa marasa aikin yi. Musunsu a kan marubuta biyu ne da suka daɗe da komawa ga Mahaliccinsu, bayin Allah ba su ma san ana yi ba.

Shi maigidan, wanda abokan aiki suka laƙaba wa Hasashe saboda a ofishin hasashen yanayi ya ƙarar da ƙuruciyarsa, mutumin Mai Kumbo ne. Haka masu karatu ke kiran wani tsohon marubucin labaran kimiyya na ƙage, don ba ya iya cika 'yan shafuka bai harba kumbo sararin samaniya ba. Malama kuwa, wadda ta koyar da lissafi har alli ya ci mata yatsu, Uwar Gobe ce gwanarta. Ita wannan ba ruwanta da ƙarafa da injuna. Sai ta ɗauki mutane ta kai su wata duniyar ta ajiye, ta koma gefe tana kallon yadda za su zauna da juna.

A gaban teburin mai tsofaffin littattafai suka fara haɗuwa, ta ga abin da ke hannunsa ta taɓe baki, shi kuma ya nemi jin dalili. Bayanin dalilin ne ya kai su ga aure, har suka aurar da 'ya'ya ba a gama shi ba.

Sai dai zamani ya yi son kai a shari'ar. Uwar Gobe, wadda a da ba a san da ita ba sai tsiraru, ta wayi gari ana sake buga littattafanta da bango mai sheƙi, ana koyar da su a jami'a. Mai Kumbo kuwa, wanda a da ake rububin littafinsa, ya zama abin dariyar matasa. Kuma in za a faɗi gaskiya shi ya ja wa kansa. Kwamfutarsa ta kai girman sito, ga ta da cin takarda. Mutanensa sun gina birni a duniyar wata amma suna bin layi a gidan waya don su kira gida. Mata a kumbonsa kuwa ba su da aiki sai raba shayi.

“Kai da gwanin naka jirgi ɗaya ya kwaso ku,” Malama kan ce. “Ku ce ruwa, a ƙwalla rana.”

“Wanda bai taɓa hasashe ba shi ne bai taɓa kuskure ba,” Hasashe kan amsa. “Taki gwanar ai wayo ta yi, ta ƙi faɗin komai da za a iya aunawa.”

Daga nan sai a ɗora, shayi ya huce, maƙwabta su ce an fara.

Wata safiya yana ɗaura agogo a hannu sai agogon ya suɓuce, shi ma ya bi shi ƙasa. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, hannu ya dawo rabi da rabi, amma harshe ya yi nauyi. Hankalinsa garau, kalmomin ma suna nan a kansa, fitar da su ne aiki. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne haruffan nan masu ƙugiya, musamman “ƙ” da ake matso ta daga maƙogwaro. In ya nufi ƙofa sai ya ce kofa, in ya nufi ƙasa sai ya ce kasa. Da farko yana ƙoƙari, har yana yi wa kansa dariya da rabin baki.

Ranar da abin ya lalace, wani tsohon abokin aikinsa ne ya zo dubiya da matarsa. Suna zaune a falo abokin ya ce, “Ka ga uwargida tun a mota take cewa za mu tarar ka fi ni ƙarfi.” Hasashe ya so ya yi irin barkwancinsu na ofis, ya nuna matar da hannunsa mai lafiya, ya buɗe baki zai ce ƙarya ce. Abin da ya fito shi ne, “Karya ce.”

Kowa ya gane abin da yake nufi, matar ma ta yi saurin yin dariya don ta rufe, amma dariyar ta zo a makare. Hasashe mutum ne da bai taɓa zagin ko kaza ba. Ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har suka tafi, kuma daga ranar ya rufe bakinsa ruf. In yana son ruwa sai ya nuna kofi, in an yi sallama ya shige ɗaki.

Likitar magana, wata matashiya mai haƙuri da ke zuwa gida da jakar katunan hotuna da ɗan madubi, ta yi iya yinta. Ta ɗaga hoton cokali, Hasashe ya kalli silin. Ta ɗaga na ƙwallo, ya lumshe ido. Da za ta tafi ta ja Malama zuwa bakin ƙofa.

“Mama, ba zan ɓoye miki ba. Watannin nan na farko su ne kasuwar. In Baba bai motsa harshen nan yanzu ba, zai zauna a inda yake, daga baya ko ya so ba lallai ya samu ba.”

“To ya zan yi da shi, 'yata? Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka.”

“Ki nemo abin da ba zai iya yin shiru a kai ba.”

Malama ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, har a ranar da ya faɗi. Gidan ya yi mata faɗi. Sai ta kama kanta tana jefa magana a kan Uwar Gobe da gangan, tana jiran martani, sai dai ta ji ƙarar firji. Ashe musun nan da take cewa ya ishe ta shi ne gishirin zamansu.

Wata hantsi tana goge kantar littattafai ta zo kan layin Mai Kumbo. Tausayi ne ya sa ta zaro wanda ya fi so, ba dabara ba. Bangonsa ya sha salatif, takardun sun yi ja kamar an jiƙa su a shayi. Ta ja kujera kusa da tagar da yake zama, ta sa tabarau, ta ce, “Malam, yau zan yi abin da ban taɓa yi ba, zan karanta maka gwaninka. Kada ka saba.” Ta gyara murya ta karanta sunan littafin. “Bakin Sama.”

Sai ta ji gurnani.

To, a nan akwai tsohon zance. Maɗaba'ar da ta buga littafin a wancan zamani ba ta da haruffa masu ƙugiya, duk littafin babu ko ɗaya, mai karatu ne ke sa wa kansa. A cikin labari ba a samun matsala, ma'ana kan nuna hanya. Amma sunan littafin ya tsaya tsirara a bango. Malama ta ce Bakin Sama ne, wato iyakar sama, tunda can kumbon ya nufa. Hasashe ya ce Baƙin Sama ne, tunda halittun da aka tarar a can su ne labarin. Ba a sake buga littafin ba balle a raba gardama, marubucin kuma ya mutu da amsarsa.

Ta ɗago ta dube shi. Fuskarsa ta yi ja, yana girgiza kai. Ta maimaita a hankali, “Bakin Sama.” Ya daki hannun kujera. Ya buɗe baki, ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, sannan kalmar ta faɗo.

“Ba… kin.”

Ya nufi ƙugiya, ƙugiya ta ƙi zuwa. Rabon Malama da muryarsa har ta fara mantawa da kaurinta. Ta so ta rungume shi. Amma ba a banza ta yi shekaru tana fama da 'yan aji masu taurin kai ba, nan take ta gane abin da Allah ya miƙo mata. Ta ajiye littafin a cinya ta tafa hannu.

“Alhamdu lillahi! Yau ga ranar da nake jira. Bakin, ka faɗa da bakinka. Ashe ciwon nan gaskiya ya zo ya fito da ita.”

“A'a!”

Wannan kam ta fito tas.

“A'a me? Ni dai abin da kunnena ya ji shi na riƙe. Bari Auta ta kira in shaida mata babanta ya sallama.”

Ya ƙwace littafin da hannu ɗaya, ya dangwala yatsa a kan harafin, ya zana ƙugiya a iska.

“Ni ban iya karatun iska ba, Malam. In da ƙugiya, faɗe ta.”

Ranar bai ci abincin kirki ba don haushi. Da la'asar tana kicin ta jiyo wani sauti daga ɗaki, kamar mai ƙoƙarin fitar da ƙayar kifi. Ta leƙa ta labule. Yana zaune gaban madubin da likita ta bari, ya dafe maƙogwaro da yatsu biyu yadda aka nuna masa ya ƙi yi, yana ta “ka… ka… ka.” Ta koma kicin ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta.

Da likitar ta dawo ta tarar da wani mutum daban. Ya ture katunan cokali da ƙwallo, ya ajiye mata tsohon littafi a gaba. Malama ta yi mata bayani, yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita ko sunan marubucin ba ta taɓa ji ba. Hasashe ya harare ta harara mai kyau. Ta ce, “Yi haƙuri Baba, laifin makarantarmu ne. Mu fara.”

Haka aka shiga sabon tsari. Kullum da hantsi Malama ta karanta babi, ta fara da sunan littafin yadda take faɗinsa, shi kuma ya cika ya yi fam ya koma gaban madubi. A hanya wasu kalmomin suka riƙa dawowa ba a gayyace su ba. In ta tsallake layi ya ce, “Koma.” In ta yi tsaki a kan matan shayi ya ce, “Zamani.” Ƙugiyar dai ta ƙi.

Karatun ya yi wa Malama abin da ba ta zata ba. Ta taɓa karanta littafin sau ɗaya tana amarya, da niyyar neman aibu, kuma ta samu. Yanzu da take bin sa a hankali da murya sai ta iso wani babi da ta manta da shi sam. Mutanen kumbon sun haɗu da halittun, amma halittun ba su iya sautin mutane ba. Manyan masana suka gaji suka koma ga injunansu. Wani dattijo mai kula da rediyon kumbon ne kaɗai ya riƙa zama da ɗaya daga cikinsu kullum, kuma dokarsa ɗaya ce, ba ya ƙarasa wa baƙon kalma ko da ya gane inda ta dosa. Da aka tambaye shi dalili ya ce wanda ka ƙarasa wa magana ka ƙwace masa ita.

Ta tsaya da karatun. Tun da aka dawo daga asibiti abin da take yi ke nan. Ya ce “ru,” ta ce “ruwa” ta miƙe. Ya ce “ta,” ta ce “taga” ta buɗe. Tana ganin taimako ne. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ga shi ma ita yake kallo, gira a ɗage.

“To, na ji,” ta ce. “Ba sai ka yi mini gori ba. Mutumin naka ya san wani abu.”

Daga ranar ta koyi rufe bakinta, abin da ya fi mata lissafi wuya.

Ana cikin haka Auta ta zo hutun ƙarshen mako. Ita ce 'yarsu ta ƙarshe, kuma tun tana goye take jin musun nan. Ta bari sai da baban ya shiga wanka, ta ja uwar zuwa kicin tana murmushi, waya a hannu.

“Mama, albishirinki. Wani ya ɗora tsohuwar hirar rediyo da Mai Kumbo a intanet. Saurari nan.”

Cikin shuu da ƙarar tsohon faifai wata murya ta fito, siririya, ba irin wadda Malama ta zata ba. Mai tambaya ya ce wane littafi ya fi so a cikin nasa. Tsohon ya yi tari ya ce, “Bakin Sama.” Babu ƙugiya ko ta magani. Har ya ƙara da cewa tun yana yaro yake son ya san inda sama ta ƙare.

Kada a yi wa Malama ƙarya, daɗi ya kashe ta. Ta sa aka maimaita. Shekara da shekaru tana faɗa ana musa mata, yau ga mai littafin da kansa ya tashi daga kabari ya ba ta gaskiya. Har ta ɗaga ƙafa za ta nufi ƙofar banɗaki ta jira shi a nan.

Sai ta jiyo shi ta cikin ƙarar ruwa. “Ka… ka… ka.” Ko a wanka bai huta ba.

Ta sauke ƙafar. Ta miƙa wa Auta wayar.

“Kashe. Kuma in kika kuskura babanki ya ji wannan, ni da ke ne.”

“Haba Mama! Ke fa kika ci.”

“Na ci, na ƙoshi, a bar kaza cikin gashinta. In ya ji ba ƙugiya, me zai sa shi gaban madubi gobe?”

Auta ta duba wayar ta ce, “Allah sarki. Waɗanda suka saurari hirar ma ba su cika mota ɗaya ba. An manta da shi fa, Mama. Taki gwanar ce ta daɗe.”

Da a bara ne da Malama ta sa an rubuta wannan magana an manna a falo. Yanzu sai ta ji ba ta yi mata daɗi ba.

“Uwar Gobe gwanata ce har gobe,” ta ce, “kuma ta cancanci duk abin da ake yi mata. Amma da na rasa yadda zan yi da ubanki, ba ita ta buɗe masa baki ba. Wannan tsohon ne, da kwamfutarsa mai kama da sito. Na yi shekaru ina yi masa tsiya, ga shi ya rama mini da alheri. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Har masu maɗaba'ar da suka rasa ƙugiya, Allah ya saka musu.”

“Amin. Amma Mama, ashe kin iya ɓoye nasara?”

“Ban iya ba. Shi ya sa nake so ki koma gidanki da wayar nan tun ban canza ra'ayi ba.”

Sannu ba ta hana zuwa. Sun kusa ƙare littafin, wata safiya Malama na yanka albasa ta ji ana buga cokali a jikin kofi, alamar kira. Ta fito tana goge hannu a zani. Hasashe na zaune a kujerarsa ta bakin taga, ya sa hularsa ta fita unguwa, ya kife madubin a kan tebur. Ya nuna mata tsakiyar ɗaki, wato ta tsaya nan. Ta tsaya.

Ya ja numfashi. Ya ɗaga littafin ya juya bangon ya fuskance ta. Leɓensa ya haɗu ya rabu, “Ba,” sai ya tsaya. Ta ga maƙogwaronsa ya hau. Kalmar na kan harshenta, ta danne ta da haƙori, ta jira.

“Ƙin. Baƙin Sama.”

Ƙugiyar ta fito da ƙarfinta, ƙwas, kamar an ɓalle murfin kwalba. Shi kansa sai da ya firgita. Ya sake faɗa don ya tabbatar ba tsautsayi ba ne, ta sake fitowa. Sai ya jingina da kujera yana haki, yana kallonta da irin kallon da ya yi mata a gaban teburin mai littattafai.

Malama ta yi hamdala a zuci har ba ta san iyaka ba. Hawaye ya zubo, ta ce albasa ce, ba wanda ya yarda. Ta san gaskiyar sunan littafin, ta kuma san kalma ɗaya ba magana ba ce, akwai sauran tafiya. Ta share fuska ta sha mur.

“To, ka faɗa da kyau, ba zan hana ka ba. Amma iya faɗa daban, gaskiya daban. Ni har yanzu Bakin Sama na sani. In kana da hujja, kawo.”

Ya zaro ido. “Hu… hujja?”

“Hujja. Da baki, ba da yatsa ba.”

Ya jawo littafin, ya lashi yatsa, ya shiga buɗe shafuka da hannu ɗaya har ya sami inda yake nema. Ya gyara hula. Ya ɗaga yatsa sama yadda ya saba in zai yi dogon bayani.

“Na… farko,” ya ce.

Malama ta koma kicin da sauri ta kashe murhu, ta dawo ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta harɗe hannuwa. Ta san hujjar Malam ba ta taɓa tsayawa a na farko ba.